Ranar da Inna Ta Riƙe wa Isuhu

Kun sha tambayata abin da ya sa nake dama kunun kanwa sau ɗaya a shekara alhali babu mai jego a gidan, kuma na san har dariya kuke yi mini a bayan idona. Na kuma ji abin da ɗayanku ya faɗa ranar zaman makokin kawunku Isuhu, wai Inna ba ta taɓa son ɗanta na fari ba, tunda ba wanda ya taɓa jin ta kira sunansa. Ban tanka ba a lokacin saboda gida cike yake da baƙi, amma maganar ta tsaya mini a rai har yau. Ku ba ku san Inna ba sai da ta tsufa, ta koma zaman bakin ƙofa tana korar kaji. Ni na san ta da ƙarfinta. Don haka ku karanta wannan babin har ƙarshe kafin wani ya sake buɗe baki a kan uwata.

Isuhu shi ne ɗan fari, ni ke bi masa. A Bambeye aka haife shi, a ɗakin kakarmu, domin haihuwar fari gida ake komawa. Da aka yaye shi sai aka bar wa kaka shi, Inna ta dawo garin Tawa hannu rabbana. Haka ake yi a ƙasarmu ta Adar a wancan zamani, kuma ba mugunta ba ce, kunya ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta zama da shi a tabarma ɗaya, in ana yabonsa a gabanta sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Wadda ta yi sake aka ga tana nan-nan da shi, to ta zama abin hira a bakin rijiya. Inna kuwa ta fi kowa riƙe wannan al'ada, don mace ce da ba ta yin abu rabi-rabi. Da kaka ta rasu aka dawo da Isuhu Tawa aka sa shi lakwal, wato makarantar boko, aka ba shi ɗakin da ke jikin zaure, inda Baba ke aikinsa na dukanci. Tun daga nan na zama bakin Inna. Ko da yana tsaye ga shi ga ta, ni za ta juyo ta kalla.

"Rabi, ki ce ma wancan tuwonshi na hucewa."

"Ki ce ma Inna na ji," in ji Isuhu.

Ni kuma in tsaya a tsakiya in maimaita musu abin da kowa ya riga ya ji da kunnensa. Ina ƙarama abin dariya yake ba ni, har ina ƙara gishiri a saƙon don in ga ko ɗayansu zai gyara mini. Ba wanda ya taɓa gyarawa. Akwai kuma wani aike da ake yi mini sau ɗaya a shekara. Inna kan tashi da sassafe ta dama kunun kanwa mai yaji, ta raba wa yaran unguwa sadaka, sannan ta cika wata ƙaramar ƙwarya ta ce in kai ƙofar wancan. Ko a shekarun da yake karatu a Yamai ba ta fasa ba, sai ta ce in ajiye ƙwaryar a bakin ɗakin da ba kowa a ciki, in la'asar ta yi in ba yaran maƙwabta. Ranar ba ta da tsayayyen lokaci a wurina. Ina yarinya da sanyi ake yi, can sai na ga ana yi da kaka, har ta gangaro cikin damina. Na ɗauka sadaka ce take yi wa iyayenta da suka rasu, ban taɓa tambaya ba, domin Inna ba a yi mata tambayar da ba ta gayyata ba.

Shekarar da nake ba ku labari, ba a daɗe da tafiyar Nasara, wato Turawan mulki, ba, ƙasa na neman yaran da suka yi karatu ido rufe. Isuhu ya gama a Yamai ya dawo gida hutun damina, yana da shekara goma sha takwas bisa lissafin takarda, kuma an zaɓe shi ya tafi Bamako ya koyo likitancin dabbobi. An ce zai yi shekaru bai leƙo gida ba. Ya yi tsawo, ya fara ajiye gashin baki da ba ya cika ido, yana tafe da wando mai kari yana gaida tsofaffi da ladabi. Ni ina alfahari da shi kamar ni na haife shi. Wata rana da yamma mun dawo daga gona, muka zauna a kan tudun rairayin bayan gari muna kakkaɓe ƙafa, sai ya ba ni labarin wani abokin karatunsa, ɗan wani ma'aikaci daga bakin teku, wanda aka haifa a asibiti. Ya ce kowace shekara in ranar haihuwarsa ta zagayo sai a yi masa fet, wato buki, a gasa wani burodi mai zaƙi da ake kira gato, a kafa masa kyandir a kai, ya hure, abokai su tafa. Aniberser suke ce wa abin. Shi kuwa Isuhu, a takardarsa an rubuta ne kawai an haife shi wajen shekara kaza, ba wata ba rana.

"Ke Rabi," ya ce yana dariya, "ko ragon da Baba ke jeme hwatarshi an san ranar da anka yanka shi. Ni ko ba wanda ya san ranar da niz zo duniya."

"Akwai wadda ta sani mana."

"Ita ko ba ta hwaɗi." Ya ɗebi rairayi ya sake shi ta tsakanin yatsu. "Wani lokaci ina tunanin ta manta na. Mutum ba shi riƙe ranar abin da bai dame shi ba."

Dariyar ta riga ta bar fuskarsa. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a wannan yammacin ba. Ashe duk shekarun da nake kai saƙo ina dawowa ina wasa da abin, shi yana ƙunshe da wannan a ciki. Kuma ga shi zai tafi ƙasar da ba mu san ko ina ta dosa ba, da tunanin cewa uwarsa ta manta ranar da ta haife shi. Nan take na rantse masa cewa kafin motarsa ta tashi sai na nemo masa ranarsa, kuma sai na yi masa fet ɗin da ɗan bakin teku bai taɓa gani ba. Ya ce in daina rantsuwa a kan abin da ba nawa ba. Ni kuwa kun san ni, in aka ce mini ba zan iya ba, to an gama tunzura ni.

Da Baba na fara, don shi ne mai sauƙi. Na same shi a zaure yana ɗinka jakar wani Buzu, na durƙusa na zayyana masa komai. Ya saurare ni basilla a hannu, sannan ya ce ai shi ba ya gari lokacin, an kwashe su aikin hanya na tilas, ko suna ba a yi da shi ba.

"Da nid dawo na iske shi shina zama da kanshi, shina cin ƙasa. Ki tambayi ƙasar Bambeye, ita ta san shi kahin ni."

Game da fet kuwa bai hana ba, sai dai ya kafa sharuɗɗa. Ba rawar rungume-rungume irin ta Nasara, ba abin da zai sa liman ya aiko, kuma da an kira magariba kowa ya kama gabansa. Na ce na ji na yarda. Da na ga na yi nasara a nan sai kaina ya kumbura, na nufi Inna kai tsaye tana tankaɗe a gindin rumbu. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na tambaye ta wace rana ce aka haifi Yaya. Hannunta ya tsaya cak a kan rariya. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Lakwal ɗin taku rashin kunya anka koya muku? Tashi ki ba ni wuri."

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba sai ta bakin ƙanwata. Isuhu ya yi ta tsokanata wai barka da shigowa, yanzu mun zama wancan mu biyu.

Ban haƙura ba. Ranar kasuwa na bi matan Bambeye da suka kawo nono, muka koma tare, rabi a kan jaki rabi a ƙafa, na sauka wurin Iya Hajo, yayar Inna. Da jin abin da ya kawo ni sai ta aika aka kira mata tsofaffi biyu da suka ga haihuwar, aka shimfiɗa tabarma, aka ɗauko goro. Na yi zaton zan dawo da rana a hannu. Ina! Ɗaya ta ce Juma'a ce don ta tuna maza sun tafi masallaci, ɗaya ta ce ƙarya ne, Litinin ce, ranar da akuyarta ta faɗa rijiya. Daga nan aka bar maganar Isuhu aka koma kan akuyar, ko ta wace ce da ma, har suka kusa ba hammata iska. Abu ɗaya kawai suka haɗu a kansa, cewa da zafi aka haife shi, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, ana kwana a waje. Iya Hajo ta raka ni bakin hanya tana girgiza kai.

"Ɗiyata, uwarki ta sha wuya ga wagga haihuwa, mun ɗauka ba ta tashi. Amma rana kam, mu ba mu ƙidaya ta. Mi za a yi da ita?"

Na dawo jikina a sanyaye. In da zafi aka haife shi, to ranar ta wuce tun kafin ruwa ya sauka, kuma kafin wani zafin ya zagayo yana Bamako. Na faɗa wa Isuhu gaskiya. Ya ce ba komai, mu zaɓi kowace rana, ai ko ta takarda ma zaɓa aka yi. Muka tsayar da Lahadin ƙarshe kafin tafiyarsa, bayan la'asar, ranar da ba a aikin ofis kuma kowa ya taso daga kasuwa. Ya nuna kamar ya ji daɗi, amma na san ba abin da yake nema ke nan ba.

To sai shiri, kuma a nan ne nake so jikokina su buɗe kunne, su da ba sa iya tara abokai sai an kama ɗaki an ɗauko mai hoto. Mu ba mu da komai, kuma ba mu rasa komai ba. Damina ce, zabi na ta zuba ƙwai a daji, na riƙa tarawa ina binnewa a cikin rairayi mai laima a gindin randa. Garin alkama na samo wurin wata maƙwabciya da na ɗinka wa ɗiyarta riga. Sukari kuwa na Baba ne na shayi, irin mai kan nan da ake fasawa da guduma, kullum in ɓantari kaɗan, shi kuma ya riƙa yi kamar bai lura kan yana ramewa ba. Buzun nan mai jaka da ya ji labari ya yi dariya har rawaninsa na kwancewa, ya bar mana dabino da cuku. Na jiƙa zoɓo da tsamiya da citta, na yi niyyar zubawa a sabon tulu in naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu don ya yi sanyi. Ragowar fatun da Baba ke zubarwa, ja da kore da rawaya, na tsince su na yanka ƙanana na zura a zare don a rataya a tsakar gida. Kyandir ɗaya dogo na samu, na yayyanka shi gutsi-gutsi da wuƙa mai zafi. Kiɗa kuma, Mamman Tela da ke bakin kasuwa yana da akwatin faifai mai aiki da pil, wato batir, ya yi alkawari zai kawo da kansa, don ba ya barin kowa ya taɓa masa allura.

Gato ne ya so ya kunyata ni. Sau ɗaya tak na ga madam ɗin lakwal ta yi shi, kuma ita tana da tanda ta ƙarfe. Ni sai na zuba rairayi a babbar tukunya, na ɗora kwano a kai, na rufe da faranti na zuba garwashi a sama. Na gwaji ya fito baƙi ƙirin a ƙasa, tsakiya kuma ɗanye. Na biyu ya gasu, amma da Baba ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa sai ya ce in bar masa shi, zai yi ƙasan takalmi da shi. Isuhu ya yi dariya har da hawaye. Ina kewar waɗannan kwanakin fiye da yadda zan iya faɗa muku: ƙamshin fata daga zaure, hayaƙin garwashi, hadari na haɗuwa ta gabas, da muryar Yaya yana rera waƙar lakwal yana wanke rigarsa. Duk wannan bidiri Inna tana kai da kawo a tsakaninmu, ko kallon zaren fatun ba ta yi.

Ranar Talata da hantsi ina durƙushe ina duba ƙwaina, sai na ji ta tsaya a kaina.

"Ƙwan ga ba su kai Lahadi. In abin naku za a yi, a yi shi jibi."

"Inna, jibi Alhamis ta. Mamman Tela na tahiya kasuwar ƙauye, abokan Yaya kuma suna aiki."

"Nic ce jibi. In ba jibi ba, ba cikin gidan ga ba."

Ta juya ta tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ƙwan lafiyarsu lau, na san kuma ta sani. Na ɗauka so take ta watsa abin cikin ruwan sanyi. Da na faɗa wa Isuhu sai fuskarsa ta canza, ya ce ai ga shi nan, me ya faɗa mini? Ya ce a bar shi Lahadin, a yi a gidan Mamman Tela, ya fi faɗi ma, kuma ba mai haɗe wa kowa rai. Maganarsa tana kan hanya, kuma da na bi ta da an yi fet mai kiɗa da jama'a kamar yadda na yi masa alkawari. Na wuni ina juya abin. Abin da ya tsaya mini shi ne, tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta sa baki a wata hidima ta Isuhu ba, ko da na hani ne. Yau ta sa. Ko da faɗa ta sa, ta dai sa. Na kasa ɗauke bukinsa daga gidan da ta ce a yi shi. Na ce masa Alhamis za a yi, a tsakar gidanmu.

"Ke ma kin zama bakin Inna har cikin zuciya," ya ce, ya shige ɗakinsa.

Bai sake yi mini magana ba har ranar. Mamman Tela ya ji haushi, ya ce an mai da shi ƙaramin mutum. Abokan Yaya da suka samu aiki a ofisoshi suka aiko da ban haƙuri. Na yi kuka a bayan rumbu, ina ganin na ɓata masa abu ɗaya da na ce zan yi masa.

Ranar Alhamis an yi yayyafi da safe, rairayin tsakar gida ya kwanta luf. Na ga Inna ta tashi da damun kununta na sadaka, yara sun yi layi da ƙoƙuna, amma hankalina na kan tukunyar gato, har na ji haushin ta tare mini murhu ɗaya. Gaton ya fito a karkace, gefe ɗaya ya fi tudu, amma ya gasu kuma wuƙa ta shige shi. Bayan la'asar mutane suka zo, ba su da yawa: ƙawayena, ƴan uwa na unguwa, da Sule, abokin Isuhu tun na ƙuruciya, wanda bakinsa ba ya hutawa. Da ba akwatin faifai, sai muka kifa ƙwarya a cikin kwatarniyar ruwa, ƙawata ta kama kiɗa da ludayi, aka shiga tafi da waƙa. Sule ya riƙa kwaikwayon tafiyar kowane malamin lakwal da ya taɓa koya musu, har Baba da ke leƙe daga zaure ya ajiye aiki. Isuhu ya fito a ɗaure, amma ba a jima ba ya saki jiki. Aka kafa gutsattsarin kyandir, iska na kashewa muna kunnawa, har Sule ya ce a bar iskar ta hure masa tunda ta fi shi zumuɗi. Inna tana can bayan zana, wajen murhu, ba ta fito ba.

Ana cikin rabon gato na ji muryarta.

"Rabi! Zo ki kai ma mai bukin."

Na je na tarar da ƙaramar ƙwaryar nan cike da kunun kanwa, ta sake ɗumama shi yana tururi. Sai a lokacin na tuna yau ba ta aike ni da ita da safe ba. Kunya ta kama ni. Ga zoɓo mai sanyi, ga gato, ga samari masu wando, ni kuma in ratso da kunun tsofaffi? Amma ba halin musu. Na kawo na ajiye a gaban Isuhu ina sunkuyar da kai. Sule ya leƙa ƙwaryar ya shaƙi yajin, ya ɗaga hannu sama.

"A'a! Kunun kanwa? Wa ta haihu cikin gidan ga ba mu zo barka ba?"

Kowa ya fashe da dariya. Isuhu bai yi ba. Ya zuba wa ƙwaryar ido, ya daɗe, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Rabi, wanga kunu da kike kawo mini, wane wata akan yi shi?"

Na buɗe baki in ce ba shi da lokaci, sai na tsaya. Bara an yi shi bayan Mauludi. Bara waccan ma haka. Duk shekarar da na iya tunawa, sai an gama hidimar Mauludi da ƴan makonni Inna ke jiƙa kanwa.

"Baba," Isuhu ya ɗaga murya, "yau nawa ga wata?"

"Tara ga wanda ke bin na Mauludi," in ji Baba daga bakin zaure. Sannan a hankali ya ce, "Shekarar da anka kai mu aikin hanya, da zahi wanga wata ya kama."

Nan komai ya warware mini. Ni na je ina neman ranar a cikin zafi da damina, irin lissafin lakwal. Inna kuwa da wata take ƙirga, wata kuma yawo yake yi, yana ratsa sanyi da kaka da damina. Ba ta manta ba ko sau ɗaya. Kowace shekara, ranar da ta haife shi, sai ta dama abin da aka ba ta ta sha a ɗakin jego, ta aika masa da rabonsa, ko yana nan ko ba ya nan. Ni ce ma mai kaiwa, ban sani ba.

Isuhu ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu ya shanye tas, da zafinta da yajinta. Ya miƙe ya nufi zana. Kiɗa ya tsaya, har Sule ya kama bakinsa. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa a wajen zanar, inda yake iya ganin inuwarta kawai, ya gaishe ta da gaisuwar da ake yi wa macen da ta sauka lafiya.

"Inna, barka da arziki."

Na matsa kusa bisa sabo, ina jiran in ji "Rabi, ki ce ma wancan." Na ji ta ajiye ludayi. Na ji ta ja numfashi. Sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa, kuma ba da ni take ba.

"Barka kadai. Da hantsi kaz zo. Allah shi raya mini kai."

Ba ta faɗi sunansa ba, kuma har ta koma ga Allah ba ta faɗa ba. Amma wannan ne karo ɗaya a rayuwata da na ji ta yi masa magana ba ta bakina ba. Yaya ya kifa kansa a gwiwa, kafaɗunsa na motsi. Baba ya koma cikin zaure yana gyaran murya. Da aka kira magariba kowa ya watse shiru, ba wanda ya tuna da sauran gato, kaji ne suka ƙarasa shi da safe.

Ba a yi mako biyu ba mota ta tafi da shi. Inna ba ta raka shi tasha ba, tana daka lokacin da ya fita, kuma ba ta ɗago ba, sai dai na lura turmin ba komai a cikinsa. Da ya gama karatu aka tura shi arewa yana bin garken shanu da raƙuma da allura, shekara da shekaru, sai ya yi wata da watanni ba mu ji ɗuriyarsa ba. Ranar da Inna ta rasu yana can wani wuri da mota ba ta zuwa, ya iso an riga an kai ta. Tun daga shekarar ni na ɗauki damun. In yana kusa ya zo ya sha a gidana, mu zauna mu yi ta hirar gaton da Baba ya so ya yi takalmi da shi. In yana nesa in ajiye masa a bakin ƙofa.

Ni ban yi kunyar ɗan fari ba. Mariyama, ke ce ta farina, ke shaida ce, na kira sunanki har maƙwabta sun gaji, tsofaffi sun yi ta yi da ni ban fasa ba, kuma ban yi nadama ba. Amma kada wannan ya sa ku ɗauka na fi Inna son ɗa. Ni an bar ni na faɗa, ita ba a bar ta ba. Yanzu Baba ya tafi, Inna ta tafi, Yaya ma ya bi su, gidan an sayar an yi shaguna a wurin, ba zana ba zaure. Wani lokaci ina zaune sai in ji kamar za a ƙwala mini kira a ce in kai saƙo, in tsaya a tsakiyarsu kamar da, ga ta ga shi. Da za a ba ni wannan aiken sau ɗaya kawai, da ban ƙara gishiri ba.

Watan da ke bin na Mauludi ya tsaya shekaranjiya, na riga na aika an sayo gero da kanwa. Ran tara ga wata ku turo mini yara da ƙoƙunansu. Za ku ga ƙaramar ƙwarya a bakin ƙofa. Kada wanda ya taɓa ta sai la'asar.